Launin Takarda da Wahalar Karatu: Sharhi a kan Ra'ayin Irlen da Wilkins

Littattafai biyu ne suka fi yaɗa ra'ayin nan da ke cewa launi yana sauƙaƙa karatu ga waɗanda karatu ke ba wuya. Na farko shi ne Reading by the Colors, wanda Helen Irlen, wata Ba'amurkiya masaniyar halayyar ɗan Adam, ta wallafa a shekarar 1991. Na biyu kuwa shi ne Reading through Colour na Arnold Wilkins, shehun malami a Jami'ar Essex ta Ingila, wanda ya fito a 2003. Abin da suka haɗu a kai shi ne, akwai yara da manya waɗanda baƙin rubutu bisa farar takarda yake gajiyar da idonsu, har su riƙa ganin baƙaƙe suna rawa, ko suna dushewa, ko layi yana hawa layi. In aka shimfiɗa musu wata leda mai launi, wadda ake gani ta cikinta, bisa shafin, ko aka sa musu tabarau mai launi, sai rubutun ya tsaya cik. Ra'ayin ya shiga zuciyar iyaye da malaman makaranta ƙwarai a Amurka da Ingila da Ostareliya, musamman iyayen yara masu disleksiya. Ya kamata ma'aikatan yaƙi da jahilci da masu tsara littattafan koyon karatu su san inda maganar ta tsaya, domin shawarar a buga littafi bisa takarda mai ruwan ɗorawa, ko a sayo ledoji a raba wa ɗalibai, shawara ce mai daɗin ji, alhali kuɗinta daga aljihun da ake biyan malami da tawada zai fito.

Da farko sai a bambance abin da ake nufi da disleksiya. Ba kowane yaro da ya kasa karatu ne yake da ita ba. Wanda bai samu malami ba, ko ya yi ta fashin makaranta lokacin shuka da girbi, ko aka fara koya masa karatu cikin harshen da ba ya ji, dalilin kasawarsa a fili yake. Ana amfani da kalmar ne ga wanda hankalinsa daidai, jinsa da ganinsa lafiya, an kuma koyar da shi yadda ya kamata, amma duk da haka haɗa baƙi da wasali ya zame masa jan aiki, karatunsa ya yi ta tafiyar hawainiya, rubutunsa kuma cike da kurakurai.

Likitoci ne suka fara bayyana wannan hali. Adolph Kussmaul, Bajamushe, ya kira shi makantar kalma a 1877, yana maganar manya da suka daina iya karatu bayan wani ciwo ya taɓa ƙwaƙwalwarsu. Rudolf Berlin, likitan ido a birnin Stuttgart, shi ya yaɗa kalmar disleksiya da ɗan littafinsa na 1887. A 1896 wani likita Bature ɗan Ingila, Pringle Morgan, ya ba da labarin wani yaro ɗan shekara 14 mai kaifin basira wanda karatu ya gagara, sa'an nan James Hinshelwood, likitan ido a Glasgow, ya rubuta littafi a kan makantar kalma ta haihuwa a 1917. Ko da yake shi kansa Hinshelwood a ƙwaƙwalwa ya ɗora laifin, sunan da suka bari ya riga ya ja hankalin jama'a zuwa ido. Wanda ya ji an ce makanta, tabarau zai nema. A wannan gona ce ra'ayin launi ya tsiro.

Wata malamar makaranta a Niyu Zilan, Olive Meares, ita ta fara rubuta a 1980 cewa waɗansu ɗalibanta suna kukan farin takarda yana kashe musu ido, kuma suna jin sauƙi in aka rage hasken shafin. Irlen, wadda take aiki da manyan ɗalibai a Kalifoniya, ta gabatar da nata bayanin a taron masana halayyar ɗan Adam na Amurka a 1983. Amma ba ta hanyar mujallun bincike sunanta ya watsu ba, wani shirin talabijin na 1988 ne ya kai shi ko'ina a Amurka. Littafinta ma haka yake: labarai ne na mutanen da suka ce rayuwarsu ta sake tun ranar da suka sa tabarau. Labaran suna taɓa zuciya, ba kuma dole ne a ƙaryata masu ba da su ba. Sai dai labarin wanda ya ji sauƙi ba ya faɗin adadin waɗanda ba su ji ba, ba ya kuma nuna ko launin ne ya yi aikin ko kuwa kulawar da aka ba mutum bayan shekaru ana kiransa daƙiƙi.

Sunan da ta laƙaba wa ciwon ma yana da rauni tun daga tushe. Ta danganta shi da ganin duhu, watau ganin da ido ke yi cikin ƙarancin haske. A bayan ido akwai ƙwayoyin gani iri biyu: waɗanda ke aiki da dare, ba sa rarrabe launi, da waɗanda ke aiki da haske, su ne masu ganin launi da ƙananan abubuwa. Da ɗan ɗigon da ke tsakiyar bayan ido ake karatu, wurin kuwa babu ƙwayoyin dare a cikinsa. Ta yaya lahani a ganin duhu zai hana karatu da rana tsaka? Bugu da ƙari, hanyar gano ciwon tana hannun waɗanda cibiyarta ta horar ta ba izini, kuma galibinta tambayoyi ne: ko idonka na gajiya, ko kalmomi na motsi, ko kana ɓatar da layi. Duk yaron da karatu ke wahalarwa, ko mene ne dalili, zai amsa yawancinsu da i. Cibiyar takan ce kusan rabin masu wahalar karatu suna da wannan ciwo.

Wilkins ba a sahun nan yake ba, rashin adalci ne kuma a auna su da mudu ɗaya. Ya fito daga binciken farfaɗiyar da walƙiyar haske ke tayarwa da ciwon ɓarin kai, inda aka tabbatar cewa zane mai ratsi-ratsi, baƙi da fari a jere, yana damun waɗansu mutane. Sai ya lura cewa shafin rubutu ma ratsi ne, layi baƙi, fili fari. Ya kira halin gajiyar gani, ya kuma bayyana a sarari cewa ba ita ce disleksiya ba, sai dai su kan haɗu ga mutum ɗaya. Ya ƙera na'urar zaɓen launi, ya shirya ledoji masu launi 10, ya kuma yarda a gwada ra'ayinsa. A nan ne darajar aikinsa take, a nan ne kuma rauninsa ya bayyana.

A gwajin da shi da abokan aikinsa suka buga a 1994, an ba yara 68 tabarau biyu a lokuta daban, ɗaya da launin da aka zaɓa musu, ɗaya da wani launi na kusa da shi, ba tare da sun san wanne ne wanne ba. An samu ɗan ragin kukan ciwon kai da gajiyar ido a kwanakin launin da aka zaɓa, amma kusan rabin yaran ba su kai ƙarshen gwajin ba, kuma ba a ga bambanci a karatun kansa ba. Yawancin shaidar da ta biyo baya ta dogara ne bisa wani ma'auni da Wilkins ya shirya a 1996: kalmomi 15 masu sauƙi, an maimaita su layi bayan layi ba tare da ma'ana ba, cikin ƙananan baƙaƙe a cunkushe, a ga nawa yaro zai karanta cikin minti ɗaya. In ya ƙara sauri da kashi 5 cikin 100 da leda, sai a ce ta amfane shi. Mai nazarin harshe ba zai kasa tsayawa a nan ba. An cire nahawu, an cire ma'ana, an matse rubutun da gangan don ya wahalar da ido. Abin da ya rage ba shi ne karatun da ake kai yaro makaranta dominsa ba. Kashi 5 cikin 100 na minti ɗaya kuwa kalmomi ne ƙalilan, waɗanda ɗokin sabon abu ko maimaita gwaji kan iya kawowa. Yaro yana ganin ledar da idonsa, ya san abin da malam yake fatan gani.

Saboda haka gwajin da ya fi nauyi shi ne wanda ya toshe wannan kafa. A 2011 Stuart Ritchie da Sergio Della Sala da Robert McIntosh na Jami'ar Edinburgh suka ɗauki yara 61 ƴan shekara 7 zuwa 12, dukansu masu wahalar karatu, suka kai su gaban wata ƙwararriyar hanyar Irlen. Ta ce 47 daga cikinsu, watau kashi 77 cikin 100, suna da ciwon, ta zaɓa wa kowa launinsa. Ba a gaya wa yaran launin da aka zaɓa musu ba. Aka sa kowane ya yi karatu da ledar da aka zaɓa, da wata mai launi daban, da wata marar launi. Babu bambanci, ko a ma'aunin Wilkins ko a karatun labari mai ma'ana. Yara biyu da suka riga suka san launinsu su ne suka nuna ƙarin sauri a fili. Da aka koma bayan shekara guda, waɗanda suka ci gaba da amfani da launi ba su wuce sauran ba. A 2016 Philip Griffiths da abokan aikinsa suka tattara rubuce-rubuce 51 da aka buga a kan wannan batu, suka tarar cewa duk inda tsarin gwaji ya fi tsauri, amfanin launi sai ya ragu ko ya ɓace. A shekarar ce kuma Bruce Evans da Peter Allen, waɗanda ke goyon bayan ra'ayin, suka yi nasu bitar, iyakar abin da suka kai gare shi kuwa shi ne, launi na iya rage gajiyar gani ga wani ƙaramin kaso, amma ba maganin disleksiya ba ne. Wani bincike na 2017 ya ƙara nuna cewa mutane da yawa ba sa zaɓen launi ɗaya in aka sake gwada su bayan ɗan lokaci, abin da ke rushe da'awar cewa kowane ido yana da launinsa tak.

Ƙungiyoyin likitocin yara da na ido na Amurka sun fitar da sanarwar haɗin gwiwa a 2009 cewa babu shaidar da ta isa a ba yaro tabarau mai launi don wahalar karatu, takwarorinsu likitocin ido na Ostareliya da Niyu Zilan suka faɗi irin wannan a 2018. Faransa ma ta ga nata salon: a 2017 waɗansu masana kimiyyar haske biyu na Jami'ar Rennes, Albert Le Floch da Guy Ropars, suka ce sun gano asalin disleksiya a tsarin ƙwayoyin launi na tsakiyar ido, aka ƙera fitila da tabarau masu ƙyafta haske bisa wannan bayani, aka sa a kasuwa. Gwaje-gwajen da Marie Lubineau da Stanislas Dehaene da abokansu suka buga a 2023 ba su ga amfanin ƙyaftawar ba.

To, in ba a ido matsalar take ba, ina take? A Bristol an auna idon yara 5,822 ƴan shekara 7 zuwa 9, aka buga sakamakon a 2015: cikin masu tsananin wahalar karatu, huɗu cikin biyar idonsu lafiya lau a kowane gwaji. Tun a shekarun 1970 Frank Vellutino ya nuna wa yaran Amurka baƙaƙen Ibrananci, waɗanda babu wanda ya san sautinsu a cikinsu, ya ce su zana abin da suka gani. Masu rauni a karatu suka yi daidai da gwanaye. Ashe siffar baƙi tana shiga idonsu yadda take shiga na kowa. Inda suke tuntuɓe shi ne wajen ɗaure siffar da sauti, da kuma tsinka kalma zuwa ƙwayoyin sautinta. Lynette Bradley da Peter Bryant sun nuna a 1983 cewa iya rarrabe sautuka kafin shiga makaranta yana nuna yadda karatun yaro zai kasance, horo a kansa kuma yana ƙara karatun. Juya b ta koma d, wanda mutane ke ɗauka alamar disleksiya, kusan kowane sabon ɗalibi yana yinsa, domin ido ya saba ɗaukar ƙwarya a matsayin ƙwarya ko ta fuskanci dama ko hagu.

Akwai wata hujja da ta fi kusa da aikin masu tsara rubutu. A 2003 Philip Seymour da abokansa suka gwada yara a harsunan Turai 13 a ƙarshen shekararsu ta farko ta karatu. Ƴan Finlan da Girka da Italiya da Jamus suka karanta fiye da kashi 90 cikin 100 na kalmomin daidai, masu Faransanci wajen 79, masu Ingilishi a Sikotlan 34. Takarda fara ce a duk ƙasashen nan, tawada baƙa. Abin da ya bambanta shi ne yadda ƙa'idar rubutun kowane harshe ta riƙe amanar sautinsa.

Rubutun boko na Hausa yana da sauƙi ta wannan fuska: baƙi ɗaya, sauti ɗaya, in ban da ƴan tagwaye kamar sh da ts, gaɓa kuma siffa uku kawai gare ta. Amma yana da nasa ramuka, ba kuma leda ce za ta cike su ba. Ba a nuna tsawon wasali, ba a nuna karin sauti. Kalmar fari kanta, da ake ta gardama a kanta a nan, tana iya zama launi, ko rashin ruwan sama, ko jam'in fara mai cin hatsi. Gari na iya zama birni ko abin tuwo. Gwanin karatu yana warware wannan daga ma'anar jimla ba tare da ya lura ba. Mai disleksiya, wanda ƙarfinsa ya ƙare wajen haɗa baƙaƙe, ba ya kai ƙarshen jimlar da sauran numfashin da zai koma ya gyara. Bayan taron Bamako na 1966 an yi shekaru a Nijar ana ninka dogon wasali a rubutun yaƙi da jahilci, kamar yadda sunan jaridar nan Saabon Ra'ayii yake nunawa, kafin a daidaita rubutu da na Nijeriya bayan taron Yamai na 1980. An ci ribar haɗa kan masu karatu na ƙasashen biyu, amma sabon ɗalibi ne ya biya kuɗin. Sa'an nan ga baƙaƙe masu lanƙwasa. Yaro Bafaranshe b da d da p da q yake fama da su. Bahaushe yana da b da d da ɓ da ɗ, da k da ƙ, a Nijar har da y da ƴ, ɗan ƙugiya kaɗai ya raba kafa da ƙafa, ko baki da baƙi. Duk abin da ya rage bambancin tawada da takarda, ƙugiyar nan yake fara ci. Takarda mai launi mai duhu, ko leda da ta sha ƙura da yatsu, cikin ajin zana ko gaban fitila da dare, na iya ƙara wahalar da aka ce za ta rage.

Wajibi ne kuma a tuna da yawan waɗanda ba sa karatu don wani dalili daban. A binciken PASEC na 2014, ɗaliban Nijar na ajin ƙarshe na firamare da suka kai matakin da ake bukata a karatu ba su cika kashi 10 cikin 100 ba. A na 2019 sun kai wajen 30. Yawancinsu da Faransanci suka fara, harshen da ba a yi a gidansu, ko da yake an buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa a Damagaram tun 1973. In tambayoyin Irlen sun kama kashi 77 a Sikotlan, a irin wannan aji wa za su bari? Sai a wayi gari an rubuta wa aji guda ciwon ido, alhali littafi da harshe ne suka rasa. Manya na ajin yaƙi da jahilci su ma haka: José Morais da abokansa sun nuna a Fotugal a 1979 cewa babba wanda bai taɓa koyon baƙaƙe ba yana shan wuya wajen cire sauti ɗaya daga farkon kalma, wanda ya koya da girmansa kuwa yana iyawa. Manomin da ya kasa mayar da rana ta koma gana a makonsa na farko ba mai disleksiya ba ne, bai kai wurin ba tukuna. Dattijon da ke nesanta littafi daga fuskarsa kuwa tabarau na karatu yake bukata, fari sol, irin wanda ake samu da araha.

Ba a ce launi ba shi da wurin zama a shafi ba. Farar takarda mai sheƙi tana kashe ido cikin hasken rani, wanda ya fi jin daɗin mai ruwan madara kuma babu dalilin hana shi. Luz Rello da Jeffrey Bigham sun gwada mutum 341 a allon kwamfuta a 2017, 89 daga cikinsu masu disleksiya, suka ga an fi saurin karatu bisa launuka masu ɗumi, irin ruwan goro da rawaya, fiye da shuɗi da kore. Sai dai abin ya shafi masu disleksiya da marasa ita duka, watau jin daɗin ido ne na kowa. Akwai kuma wani amfani na launi wanda ya sha bamban da wannan, shi ne launi ya ɗauki bayani. Caleb Gattegno ya fitar da hanyarsa ta karatu da launuka a 1962, inda kowane sauti yake da launinsa ko yaya aka rubuta shi, har o da au da eau na Faransanci su sa riga ɗaya. Marubutan Alƙur'ani da hannu a Barno da ƙasar Hausa sun daɗe da sanin wannan dabara: baƙaƙe da baƙar tawada, wasula da ja, hamza da rawaya. A nan launi sauti yake nunawa, watau yana aiki daidai wurin da mai disleksiya yake da rauni. Littafin farko na Hausa da zai buga dogon wasali da ja, ya bar ƙa'idar rubutu yadda dokar 1999 ta tsayar da ita, ya fi cancanta a kashe masa kuɗin gwaji fiye da ledoji. Haka nan tazarar baƙaƙe: Marco Zorzi da abokansa sun nuna a 2012 cewa yaran Italiya da Faransa masu disleksiya sun rage kurakurai da aka buɗa fili tsakanin baƙaƙe, abin da ba ya cin komai sai ƙarin shafi.

Duk wanda zai gwada ɗaya daga cikin waɗannan a Maraɗi ko Tawa, darasin Edinburgh ne zai bi. A fara auna ido da kunne, a ware waɗanda ba su samu koyarwa ba. A raba ajujuwa da ƙuri'a, kada malami ya zaɓa. Mai auna karatu kada ya san littafin da yaro ya yi amfani da shi. A jira shekarar makaranta ta cika kafin a yanke hukunci, a kuma auna da labari mai ma'ana cikin Hausa, wanda aka dasa wa irin su baba da babba, da kafa da ƙafa, tare da ƙagaggun kalmomi da yaro bai taɓa ji ba, don a raba mai karatu da mai hadda. Wajen auna kunnen yaro ga gaɓa tun kafin ya san baƙi kuwa, zaurancen da yara ke yi a dandali kayan aiki ne a shirye, kuma Ousseina Alidou ta riga ta bayyana tsarin irin waɗannan wasanni a harsunan Nijar shida cikin kundin digirinta na 1997.